Ka ɗora hoton Kaka, amma ka san sunanta na yanka?

Ka san yadda abin yake faruwa. Da asuba waya ta yi ƙara, aka ce tsohuwa ta cika. Kafin a kai ta makwancinta ka lalubo hotonta na ranar Sallah, ka ɗora a WhatsApp da Facebook, ka rubuta “Allah ya jiƙan Kaka”. Abokai suka yi ta zubo amin. Kashegari hoton ya wuce, an shiga wata sabga. To in aka ce ka ba da labarinta na minti biyar, me za ka ce?

Ni kam na sha kunya. Ranar sadakar ukun kakata, a wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina, wani malami da ya zo ta'aziyya daga nesa ya tambayi sunanta don ya yi mata addu'a. Jikoki muna zaune reras, kowa ya yi tsuru-tsuru. Inna kawai muka sani. 'Ya'yanta da surukanta ba sa kama sunanta saboda kara, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

A zaman makokin nan ne matan unguwa suka sanar da mu wacece Inna. Ashe ita ce uwar adashensu shekara da shekaru, ba takarda ba biro, kuma ko kwabo bai taɓa salwanta a hannunta ba. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Lokacin farin 1973, da rumbu ya ƙare, tasoshin aurenta ta sayar a ɓoye aka auno hatsi, don kada asirin maigidanta ya tonu. Da ya kwanta jinya ita ta yi ta ɗawainiya da shi har rai ya yi halinsa. Marayu biyu ta riƙa, ni kuwa wallahi har na girma ina zaton ita ta haife su.

Mu abin da muka riƙe shi ne dariya. In ta ga naira ɗari biyu ta ce “fam ɗari”, sai mu fashe. Ba mu san cewa kafin naira ta shigo a 1973 da fam da sule ake ciniki ba, kuma fam ɗaya naira biyu ne. Lissafinta daidai yake, mu ne ba mu san tarihi ba.

Kada ka ce labarin matar ƙauye ba abin adanawa ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa: aure, ƙawance, harin masu kamun bayi, zuwan Turawa. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau masana na dogaro da shi. Mary Smith da alƙalami ta yi. Kai fa, da waya a hannunka dare da rana?

In taka kakar tana raye, kada ka jira hutun Sallah. Je ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai mata goro ko sabulu, ka nemi izininta kafin ka kunna rikoda. Tambaye ta sunanta da na iyayenta, garin da aka haife ta, sana'arta ta farko, shekarar da ta fi shan wuya. Kada ka katse ta, ko da ta maimaita. Abin da ta ce sirri ne, ya tsaya a gida. Ba komai ake ɗorawa ba.

In kuma ta riga mu gidan gaskiya, ƙawayenta na nan da saura. Ziyarce su, ka ji abin da suka sani, ka yi mata sadaka, ka riƙa sa ta a addu'a da sunanta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, ya sa Aljanna ce makomarsu.