Gidajen haya a Kalgo da Gwandu: Me ya sa dokar maigida ba ta cin 'yan haya?

Duk wanda ya san Kalgo shekara 15 da suka wuce, idan ya shige ta yau zai ga ta sauya. Gefen titin da ya fito daga Birnin Kebbi da wanda ya nufi Bunza sun cika da sababbin gine-gine, yawancinsu jerin ɗakuna ne da aka yi musamman domin haya.

Abin da ya kawo wannan sauyi sananne ne. A shekarar 2013 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ta fara karatu a Kalgo, ga kuma babban asibitin jiha da ke garin. Dalibai da malamai da ma'aikatan jinya da masu yi wa ƙasa hidima duk suna buƙatar wurin kwana, su kuma masu filaye suka ga hanyar samu ta buɗe.

Sai dai gina gida abu ɗaya ne, riƙe shi kuma wani abu ne daban. Ƙorafin da aka fi ji a bakin masu gidaje shi ne 'yan haya ba sa bin doka. Su kuwa 'yan haya tambayarsu ɗaya ce: wace dokar, a ina aka rubuta ta, yaushe aka nuna mana?

Abubuwan da ake rigima a kansu

Rigimar gidan haya ba kasafai take farawa daga babban abu ba. A gidan da ake tarayya da tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, shara da wanke masai su ne farkon sa-in-sa. Ana raba kwanaki, sai wani ya tsallake nasa, na biye da shi ya ce ba zai share dattin wani ba, a wayi gari gidan ba ya shiguwa.

Daga nan sai kwata. Ana zuba ragowar tuwo da leda a magudana, ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin katanga. Da damina ta sauka, ginin da aka yi da bulo marar isasshen siminti sai ya fara tsagewa.

Akwai kuma yawan mutane. Ɗalibi ɗaya ne zai zo ya biya kuɗin ɗaki, bayan wata guda a tarar da mutum huɗu ko biyar a ciki, wasu ma suna biyan wanda ya kama ɗakin wani abu a ɓoye. Ramin masai da aka haƙa da lissafin mutum 10 sai ya koma ɗaukar 30, ruwan tanki ya ƙare tun kafin azahar.

Wasu abubuwan kuwa sun wuce ɓacin rai, rayuka ne a ciki. Kunna janareta a baranda kusa da taga da dare, ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, shiga ɗaki da kaskon garwashi a lokacin hunturu, ko jona hita da rishon lantarki a wayar da ba za ta iya ɗauka ba. Hayaƙin janareta ya sha kashe iyalai a cikin barci a sassan Najeriya, gobarar hunturu kuma ba baƙuwa ba ce a arewa.

Sauran su ne waɗanda suka shafi zaman unguwa: kiɗa har tsakar dare, dawowa bayan an kulle ƙofar gida, da shigo da baƙi maza ko mata a gidan da akwai matan aure da yara. A garuruwa irin Kalgo da Gwandu, irin wannan ba ya tsayawa tsakanin maigida da ɗan haya, nan da nan yake kaiwa ga liman da mai unguwa.

Kuɗin wuta, uwar rigima

Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna Electric, tare da Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Gidajen haya da yawa mita ɗaya gare su, wasu ma ba su da ita sai takardar ƙiyasi da ake kawowa duk wata.

A nan lissafi yake rikicewa. Mai firiji da dutsen guga da mai ƙwan fitila ɗaya da cajar waya, ta yaya za su biya daidai? Idan aka ce a raba bisa yawan kaya, wani zai ɓoye nasa. Idan mutum biyu suka ƙi biya, a yanke wutar gidan gaba ɗaya, wanda ya biya da wanda bai biya ba su kwana cikin duhu tare.

Mafi muni shi ne ɗan haya ya tashi ya bar bashin watanni. Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta bayyana cewa bai kamata a ɗora wa sabon mazaunin gida bashin wanda ya gabace shi ba, amma a aikace sai an yi ta zirga-zirga zuwa ofis kafin a daidaita, kuma sau da yawa maigida ne ke biya don kada ɗakinsa ya zauna babu kowa.

Gwandu: haya ta sanayya

A Gwandu lamarin ya sha bamban. Wannan tsohon gari ne, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka damƙa wa kula da yammacin Daular Usmaniyya, kuma hubbarensa yana nan har yau. Duk da cewa fadar masarautar ta koma Birnin Kebbi tun farkon zamanin Turawa, garin ya riƙe tsarinsa na gidajen gado da zaman dangi.

'Yan hayar Gwandu galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da aka turo aiki, sai masu yi wa ƙasa hidima da 'yan kasuwa. Baƙo yakan samu ɗaki ta hannun abokin aiki ko wani dattijo da zai tsaya masa. Ana yin magana a zaure, a yi musafaha, shi ke nan an ƙulla haya.

Wannan tsari yana da daɗinsa. Ɗan haya yana jin nauyin wanda ya kawo shi, maigida kuma yana ɗaga ƙafa idan albashi ya yi jinkiri. Amma ranar da aka saɓa, kunyar da ta haɗa su ita ce ke hana a warware. Maigida ba zai iya buɗe baki ya tambayi kuɗinsa ba, sai ya riƙa aike ko ya daina amsa gaisuwa, har bashi ya kai shekara biyu.

Gidan gado kuwa matsalarsa ta fi haka. Magada biyar, kowa yana ganin shi ne maigida. Wannan ya karɓi kuɗin haya, wancan ya zo ya ce bai sani ba. Wannan ya yarda a ɗaure akuya a tsakar gida, wancan ya hana. Ɗan hayar da ya ga haka sai ya zaɓi dokar da ta yi masa daɗi.

Masu gidaje ma suna da nasu

Ba a yi adalci ba idan aka jibge laifin duka a kan 'yan haya. Akwai maigidan da ba a ganinsa sai ranar karɓar kuɗi. Rufi yana yoyo, famfo ya lalace, ramin masai ya cika, a kira shi ya ce a yi haƙuri. Wanda ya kwana yana tare ruwan sama da bokiti da wuya ya saurari wa'azi a kan shara.

Da yawa daga masu gidajen Kalgo ma ba a garin suke zaune ba. Suna Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja, sun bar gidan a hannun ƙane ko dillali. Shi kuwa dillali la'adarsa tana fitowa ne daga sabon ɗan haya, saboda haka cika ɗaki ya fi damunsa a kan binciken wanda zai shiga.

Matsin tattalin arziki ya ƙara dagula al'amarin. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin siminti da kwanon rufi da fenti ya yi tsalle, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Masu gidaje suka ƙara kuɗin haya, wasu ba tare da sanarwa ba. Gwamnatin Kebbi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 75,000 a 2024, amma ɗalibi da ɗan tireda ba su cikin wannan lissafi.

Garin jami'a yana da wata matsalar ta daban. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗaliban da suka biya kuɗin shekara suka koma gida, kayansu na kulle a ɗakuna. Da aka dawo, a garuruwan jami'o'i da dama an yi ta jayayya: ɗalibi yana cewa bai zauna ba, maigida yana cewa ɗakinsa bai samu damar bai wa wani ba. Kowa yana da hujja, domin ba a taɓa tattauna batun ba tun farko.

Abin da doka ta tanada

Idan haƙuri ya ƙare, wasu masu gidaje sukan ɗauki doka a hannunsu: a cire ƙofa, a yaye kwanon rufi, a sa kwaɗo, ko a watso kaya waje. Duk wannan laifi ne, kuma yana iya mayar da mai gaskiya ya zama wanda ake ƙara.

Kotun Ƙoli ta daɗe da yin magana a kan haka. A 1986, a shari'ar da ke tsakanin gwamnan soja na Jihar Legas da Cif Odumegwu Ojukwu, ta yi tir da yadda gwamnati ta yi amfani da 'yan sanda ta fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Idan gwamnati ba ta da wannan hurumi, mai jerin ɗakuna shida ba shi da shi.

Dokokin karɓe gidan haya a jihohin Najeriya sun yi kama da juna. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya duk mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya duk wata na wata guda, mai biya duk shekara kuma na wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana bakwai da ke sanar da shi za a je kotu. Kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, wadda Kebbi take aiki da ita a kotunan shari'a, littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar sun yi bayanin haya. Dole kuɗin ya zama sananne, muddar ma sananniya. Ɗan haya amana aka ba shi: abin da ya lalace don tsufa ba ya kansa, wanda ya lalata da ganganci ko sakaci kuwa zai biya. Mutuwar maigida ko ta ɗan haya ba ta rushe hayar kafin wa'adinta, abin da magada da yawa ba su sani ba.

Takarda ɗaya tak

Mafi yawan waɗannan rigingimu takarda guda za ta iya rage su. Mutane da yawa suna ganin neman a rubuta yarjejeniya kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Ba sai an yi dogon Turanci ba. Ana iya rubutawa da Hausa, boko ko ajami, a faɗi kuɗin haya da ranar biya, adadin mutanen da za su zauna a ɗaki, yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa da kwashe masai, gyaran da ke kan maigida da wanda ke kan ɗan haya, lokacin rufe ƙofa, inda za a ajiye janareta, da wa'adin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi. A gidan ɗalibai a ƙara da abin da za a yi idan aka rufe makaranta.

Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya riƙe kwafinsa. A ɗauki hoton ɗakin da lambar mita da waya ranar shiga. Duk kuɗin da aka biya a ba da rasit, ko a tura ta banki don shaida ta zauna. A gidan gado, magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce.

Gidan da ke da ɗakuna da yawa yana buƙatar shugaba daga cikin 'yan hayar, wanda zai riƙe jadawalin shara da kuɗin wuta, da kuma mita daban ga kowane sashe idan da hali. Masu unguwanni da uwayen ƙasa, waɗanda dama su ne ke sulhu idan abu ya ɓaci, aikinsu zai yi sauƙi idan akwai takardar da za su duba maimakon rantsuwar ɓangarori biyu.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Kalgo za ta ci gaba da karɓar sababbin ɗalibai duk shekara, Gwandu kuma ma'aikatan da aka turo. Maigidan da ya kashe miliyoyi ya yi gini bai kamata ya ji ƙyashin zama na rabin awa da ɗan haya a karanta sharuɗɗa kafin ya miƙa makulli ba.