Talatar Gwanjon Gidaje a Ƙofar Kotun Atlanta

Ranar Talatar farko ta kowane wata, kasuwa na ci a matakalar kotun gundumar Fulton da ke titin Pryor, tsakiyar birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka. Ba rumfa, ba teburi, ba abin da aka kasa a ƙasa. Hajar tana can cikin unguwanni, wata ma da labule a taga da yara a ɗaki: gidajen mutanen da bashin banki ya fi ƙarfinsu. Doka ta ce a yi cinikin tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma, a bainar jama'a, kowa na da ikon tayawa. In Talatar ta faɗo ranar sabuwar shekara ko 4 ga Yuli, sai a ɗaga zuwa Laraba. Haka ake yi a duk gundumomi 159 na jihar. Al'adar ta girmi yaƙin basasar Amurka, domin kafin 1865 har bayi an sayar a irin wannan Talatar don biyan bashin iyayengijinsu.

Wanda ya fi kowa cancantar a tsaya a kalla shi ne mai shela. Ofisoshin lauyoyin da bankuna suka ɗauka ne ke turo masu shelar, kowanne da damin takardunsa a hannu. Wannan ya kama gindin ginshiƙi, wancan ya hau matakala ta sama, su shiga karatu lokaci ɗaya, murya na hawa kan murya. Sunan mai gida, lambar fili, kundin rajista da shafinsa, ranar da aka ci bashin, duk sai ya karanto su da saurin da baƙo ba zai tsinci ko kalma ba. Masu saye kan matso har kafaɗa na gugar kafaɗa, kunne a bakinsa, ido a kan jerin da suka zo da shi. Ko babu mai sauraro sai ya karanta, cikin ruwan sama ko zafin watan Agusta, domin in ba a yi shelar ba cinikin bai halatta ba. Ba shi da la'ada irin ta dillali, ba ya yabon haja, ba ya rantsuwa a kanta. Shi kansa yawanci bai taɓa ganin gidan ba.

Banki ne ke buɗe tayi. A ce ana bin mai gida dala dubu 140, sai mai shela ya ambaci kuɗin. Wani ya ƙara dala ɗari, wani ya ɗaga kai ya ce dubu 142. Na gefe ya duba wayarsa, ya yi lissafin rufi da fenti da wata shidan da gidan zai yi ba haya, ya ce dubu 150. Na farko ya juya baya, alamar ya haƙura. Sau ɗaya, sau biyu, an sayar. Gidan da wani ya yi shekara goma yana biya ya canza hannu cikin 'yan mintoci. In kuwa ba wanda ya ɗora ko dala ɗaya a kan tayin banki, gidan ya koma hannun bankin.

Ba a cewa a jira a je a kawo kuɗi. Nan take ake biya, da cakin da banki ya riga ya tabbatar. Shi ya sa tsofaffin hannu ke zuwa da cakuna manya da ƙanana a jaka, su harhaɗa su kai adadin.

Saurin nan daga dokar jihar ya samo asali. A Jojiya, takardar jinginar da mai gida ya sa wa hannu ranar da ya ci bashi ita ce ta ba banki ikon sayarwa ba tare da zuwa gaban alƙali ba. Abin da ake buƙata shi ne a aika masa wasiƙa kwana 30 kafin ranar, a kuma buga sanarwa sau ɗaya a mako har mako huɗu a jaridar da gunduma ta keɓe. Kafin gyaran da aka yi a 2008, wasiƙar ma kwana 15 ce kawai. Dokar tarayya ta hana banki fara wannan shiri sai mutum ya haura kwana 120 bai biya ba, amma da zarar an fara, wata ɗaya da 'yan kwanaki ya isa. Teksas ma Talatar farko take nata gwanjon. A Fulorida da New York kuwa dole banki ya shigar da ƙara, kuma shari'ar kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci shekaru. Maƙwabciya Alabama tana ba wanda aka sayar wa gida wa'adin da zai iya fanso shi. A Jojiya babu fansa bayan gwanjon banki. Sai dai in gunduma ce ta sayar saboda bashin haraji, a nan mai gida yana da wata 12 ya dawo da kuɗin mai saye tare da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Gwanjon biyu kan faɗo rana ɗaya, kuma sabon shiga da ya rikita su zai kwana cikin nadama.

Cinikin biri a sama ne. Mai saye ba ya shiga gidan kafin ya taya; iyakarsa ya zagaya da mota ya leƙa ta shinge. Yana iya buɗe ƙofa ya tarar an cire wayoyin lantarki da bututun tagulla. Wanda bai je ofishin rajista ya bi tarihin filin ba, yana iya sayen jingina ta biyu yana zaton ta farko ce, ya gaji babban bashin da ke gabanta. Harajin gunduma da ba a biya ba yana bin gidan. In hukumar harajin tarayya na da haƙƙi a kansa, tana da kwana 120 da za ta iya karɓe shi ta mayar wa mai saye kuɗinsa. In akwai ɗan haya na gaskiya, dokar tarayya ta 2009 ta ba shi aƙalla kwana 90 kafin ya tashi. Tsohon mai gida ma ba a watsar masa da kaya, sai an bi ta kotun majistare, shi ya sa wasu masu saye kan gwammace su ba shi kuɗin tashi ya miƙa makulli cikin lumana. Sau da yawa kuma mutum ya kwashe mako yana bincike, da safiyar Talata ya ji an cire gidan daga jeri saboda mai shi ya shigar da takardar karayar arziki, wadda ke tsayar da gwanjo nan take.

Wannan sanin shi ne jarin ƙananan 'yan kasuwar wurin: kafinta mai ɗan tari, dillali mai gida uku na haya, mata da miji masu gyara su sayar. Ba dukkansu ne tsarkaka ba. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da masu saye da dama daga gundumomin Fulton da DeKalb bisa haɗa baki: su ƙi taya wa juna a fili, su karɓi gida da arha, sannan su koma gefe su yi nasu gwanjon su raba ribar. Da yawa sun amsa laifi. Kuɗin da suka danne haƙƙin banki ne da na mai gidan da aka kora.

Amma abin da ya sauya kasuwar shi ne rushewar farashin gidaje ta 2008. A shekarar 2010 kaɗai, bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan ɗaya a Amurka, kuma unguwannin baƙaƙen fata na kudu maso yammacin Atlanta, irin su Pittsburgh, sun cika da gidaje masu katako a taga. A 2012 kamfanin Blackstone ya kafa Invitation Homes, shi da takwarorinsa suka turo wakilai matakalar kotunan Fulton da Gwinnett da cakunan miliyoyin dala. Wakilin kamfani ba ya lissafin fenti. An ba shi iyakar da zai tsaya daga ofis, kuma iyakar ta wuce abin da kafinta zai iya kaiwa. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2024 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen haya masu ɗaukar iyali ɗaya a yankin Atlanta suna hannun manyan kamfanoni. Yanzu jerin ya gajarce, taron ya ragu, gidan arha kuwa sai an tona.

Mutum ɗaya ne ba a cika gani a wurin ba, wato mai gidan. Doka ta ba shi kariya biyu. Banki ba zai bi shi cikon bashi ba sai ya kai rahoton cinikin gaban alƙali cikin kwana 30, alƙalin ya gamsu cewa an sayar da gidan a kan darajarsa ta gaskiya. In kuma kuɗin gwanjo ya haura bashi, rarar tasa ce bayan an sallami sauran masu bin sa. Abin takaicin shi ne da yawa ba su san da rarar ba, sun tashi ba su bar adireshi ba. Masu fara nemo su galibi 'yan kamasho ne da ke bin jerin gwanjon, su zo da takarda a sa musu hannu, su yanki kaso mai tsoka daga kuɗin da tun farko na mai gidan ne.