Aicha Macky, ƴar Damagaram mai binciken abin da ake jin kunyar faɗi

A ƙasar Hausa kunya ado ce. Da ita ake gane ɗan asali, ita ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Amma akwai wata kunyar da ke sa mutum ya haɗiye ciwonsa har ya ci shi, kuma ita ce Malama Aicha Macky ta yi shekaru tana bin diddiginta.

An haife ta a Damagaram a shekarar 1982. Ta karanta ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan ta koyi aikin silima a Yamai da birnin Saint-Louis na Senegal. Maimakon ta rubuta littafin da zai kwanta a kabad, sai ta ɗauki kamara. Da kanta ta fara: fim ɗinta na 2011, « Moi et ma maigreur », a kan ramarta yake, a ƙasar da ake auna jin daɗin matar aure da ƙibarta. A 2013 ta duba shirun da ke tsakanin uwa da ɗiya game da sha'anin shimfiɗar aure.

Aikin da ya fito da sunanta shi ne « L'Arbre sans fruit » na 2016. Mahaifiyarta wurin haifuwa ta rasu tun tana ƙarama, ita kuma ta yi aure ba ta samu haifuwa ba. A fim ɗin tana yi wa marigayiyar magana, tana kuma zagayawa wajen likita da malamai da matan da ke cikin halinta. Abin da ya bayyana kowa ya san shi, faɗinsa ne ke da wuya: in gida ya rasa ɗa, matar ake kira juya, ita ke shan saiwoyi da habaicin dangin miji, ita ake yi wa kishiya, alhali da wuya maigida ya yarda a auna shi. Da ta soma buɗe nata sirrin, sai sauran matan suka samu bakin magana. A shekarar ne fim ɗin ya ci kyautar Africa Movie Academy Awards.

Daga nan ta koma garinsu, amma ba Birni ko Zango ba. Kara-Kara ta nufa, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, inda jikokinsu suka tashi babu lakwal, da yawa ma babu takardar haifuwa. A nan ne ƙungiyoyin samarin da ake kira « palais » suka yi ƙarfi, waɗanda aka yi ta nuna wa yatsa bayan tarzomar Janairun 2015. Fim ɗin « Zinder » na 2021 ya nuna su suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, suna shigo da man ruwa-ruwa daga Najeriya, ga kuwa matatar SORAZ a kusa da gari tun 2011. Bai wanke su ba, domin akwai wanda ya faɗi da bakinsa irin ta'asar da ya yi wa mata, akwai kuma matan da suka nuna tabon wuƙa a jikinsu. Sai dai ɗan kasuwar da ke sayen mansu da ma'aikacin da ke hawan kabu-kabunsu sun ji, wataƙila karo na farko, yadda suke magana in an zauna an saurare su.