3.2 Kalmomin Kwamfuta da Intanet ga Ɗaliban Ƙaramar Sakandare a Kibiya da Rano

A wannan sashe za a yi bayani a kan kalmomin farko da ɗalibin ƙaramar sakandare yake cin karo da su a darasin kwamfuta, da yadda ake faɗarsu da Hausa a yankin Kibiya da Rano da ke kudancin Jihar Kano. Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun cikin 1988, daga baya kuma hukumar NERDC ta sanya darasin a cikin tsarin karatun shekara tara na ilimi a matakin farko. Da Ingilishi aka rubuta littattafan, da shi kuma ake yin jarrabawa, amma bayanin da malami kan yi bayan ya karanta abin da ke cikin littafi, sau da yawa da Hausa yake yin sa.

Abin lura shi ne, wayar hannu ta riga kwamfuta isa gidajen wannan yanki. Tun da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya cikin 2001, kalmomi irin su caji da layi da sabis da data suka zauna a bakin jama'a. Yaron da ya taso a Tarai ko Durba ko Fammar ya san waɗannan kalmomi kafin ya taɓa kwamfuta da hannunsa. Saboda haka Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Inda matsalar take shi ne, sau da yawa kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu, ko kuma abu ɗaya yana da suna biyu, ɗalibi kuwa babu wanda ya rarrabe masa.

3.2.1 Na'urar da Sassanta

Sunaye biyu ne suka yi fice, wato kwamfuta da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na farko aro ne daga Ingilishi wanda aka yi wa kwaskwarima ya dace da lafazin Hausa, na biyu kuwa ƙirƙira ce da ta yaɗu ta kafafen yaɗa labarai. Sunan na biyu yana da daɗin ji, amma a aji yakan jawo ruɗani, domin da zarar an shiga bayanin cikin na'urar, malami zai ce akwai wani ɗan sashe mai sarrafa lissafi da umarni wanda shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Can gaba kuma a kira wurin ajiye bayanai da ƙwaƙwalwa. Ke nan kalma ɗaya ta yi aiki uku. Ya fi dacewa a bar wa na'urar sunan kwamfuta, a keɓe ƙwaƙwalwa ga sashen da ke sarrafawa, wurin ajiya kuma a kira shi ma'adana.

Ita ma'adanar iri biyu ce, kuma ɗan manomi ba zai sha wahalar gane bambancinsu ba. Akwai ta dindindin, wadda take kamar rumbu: abin da aka zuba a ciki yana nan ko da an kashe na'urar. Akwai kuma ta wucin gadi, wadda take kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai lokacin aiki, da an tashi sai a kakkaɓe a naɗe. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibin da ya yi rubutu bai adana ba yakan rasa aikinsa idan aka ɗauke wuta, domin rubutun a kan tabarma yake, bai shiga rumbu ba tukuna.

Haka kalmar allo take. Ɗalibi ya san allon makarantar allo, ya san allon aji, sai kuma a kira masa gilashin da hoto yake fitowa allo, abin da ake buga rubutu da shi ma a ce allon madannai. Mutane sun riga sun saba da cewa fuskar waya, don haka fuskar kwamfuta ta wadatar, madannai kuma a bar su madannai.

Game da ɗan abin nan da ake riƙewa a hannu ana zagaya shi a kan tebur, Turawa sun kira shi da sunan ɓera saboda siffarsa da wayar da ke binsa kamar wutsiya. Douglas Engelbart ne ya nuna shi ga jama'a a Amurka cikin 1968. Hausa ba ta bi siffa ba, aiki ta duba, ta ce linzamin kwamfuta. Wannan suna ya fi na asalin ma'ana, musamman a ƙasar Rano inda yara suke ganin hawan salla, suka kuma san da linzami ake juya doki. Alamar da linzamin yake motsawa a fuskar kwamfuta kuwa siffar kibiya gare ta, kuma haka ake kiranta. Wannan kalma dai ba ta bukatar dogon sharhi ga ɗan garin Kibiya.

Manhaja ita ce ta fi bukatar kulawa. Kalmar daga Larabci take, kuma a makaranta an san ta da ma'anar tsarin abin da za a koyar. Yanzu an faɗaɗa ta ta ƙunshi jerin umarnin da kwamfuta take bi, har da irin su WhatsApp da ake sa wa waya. Faɗaɗawar ta yi daidai, tun da duka biyun tsari ne da ake bi daki-daki, sai dai wajibi ne malami ya riƙa cewa manhajar kwamfuta a farkon zango, har kunnen ɗalibai ya saba.

3.2.2 Data

A bakin mutanen gari, data ita ce abin da ake saye a sa wa layi domin a hau intanet, shi ya sa ake cewa data ta ƙare. A littafin makaranta kuwa, data na nufin ɗanyen bayani da ba a sarrafa ba, alal misali makin ɗalibai kafin a tara a fitar da na ɗaya da na biyu. Ɗalibin da aka tambaya ma'anar data a jarrabawa ya amsa da ma'anar kasuwa ya faɗi, alhali bai yi ƙarya ba. Hanyar haɗa ma'anonin biyu ita ce ta awo. Mafi ƙanƙantar ma'auni shi ne bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Bit 8 su ne bait ɗaya, bait 1,024 su ne kilobait, kilobait 1,024 megabait, megabait 1,024 kuma gigabait. Abin da mutum yake saye, idan aka duba, izini ne na wucewar bayanai masu wannan nauyi ta layinsa, kamar yadda ake auna hatsi da mudu da tiya da buhu. A tsarin rubutun da yawancin shafuka suke amfani da shi, harafin k bait ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bait biyu ne.

3.2.3 Intanet da Yanar Gizo

Jama'a da dama, har da wasu 'yan jarida, suna amfani da waɗannan kalmomi biyu kamar abu ɗaya ne. Intanet ita ce haɗakar hanyoyin da kwamfutocin duniya suke sadarwa ta kansu, kuma asalinta yana komawa ga wani shiri na Amurka mai suna ARPANET da ya fara aiki cikin 1969. Yanar gizo kuwa tarin shafuka ne masu sarƙe da juna, wanda Tim Berners-Lee ya tsara cikin 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba. Watau intanet ita ce titi, yanar gizo kuma ɗaya ce daga cikin motocin da suke binsa. Saƙon imel da kiran WhatsApp wasu motocin ne daban. Manhajar da ake buɗe shafuka da ita ana ce mata burauza, kamar Chrome, kuma ba ita ce injin bincike ba, kamar na Google, ko da yake a waya sukan zo a haɗe. Saukewa da ɗorawa ba su da wata matsala, domin duk wanda ya san lodi a tasha ya san su.

Kamfanonin waje ma sun shigo da nasu kalmomin. Google Translate ya sanya Hausa cikin 2013, Facebook kuma cikin 2016, don haka ɗalibi yakan tarar a waya da fassarar da ta saɓa wa abin da malaminsa ya faɗa.

Kalmar da ruɗaninta ya fi tsada ita ce kalmar sirri. Da ɗalibi ya ji an ce kalma, sai ya ɗauka lallai ne ta kasance kalma mai ma'ana, ya zaɓi sunansa ko sunan garinsu, wanda kowane abokinsa zai iya cinka. Abin da ake bukata shi ne gauraye na haruffa da lambobi da alamomi wanda ba ya cikin kowane ƙamus. Da za a kira shi mabuɗin sirri da ya fi kusa da aikinsa, domin yaro ya san ba a ba baƙo mabuɗin ɗaki, ko da ya bugo waya ya ce daga banki yake. Lambar sirri kuma a bar ta ga lambobi zalla, irin na katin cirar kuɗi.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta. Ɗalibin da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kibiya shekara shida ce tsakaninsa da wannan zama, inda umarnin da ke fuskar kwamfuta zai zo masa da Ingilishi. Don haka idan malami ya ba da kalmar Hausa, ya kamata ya rubuta ta Ingilishin kusa da ita a allo, ya kuma nuna abin da ake magana a kansa, ko da a wayarsa ta hannu ce, a makarantar da ba ta da ɗakin kwamfuta.