Enzayim ɗin Ɗakin Gwaji: Zaɓen Iri Ne, Ba Ƙirƙirar Rai Ba

Tun da aka saki masarar TELA, wadda aka gyara ƙwayar gadonta, a Najeriya a 2024, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tambaya a kan abin da za a ci hakki ce. Abin da ke damuna shi ne kuɗin goron da ake yi: da an ji abu ya bi ta ɗakin gwaje-gwaje, sai a ce guba ce, ko masana na neman ƙirƙirar rai. Da wannan hukunci, har garin sabulun wanki da wasu magunguna ba za su tsira ba, domin da enzayim ɗin ɗakin gwaji ake haɗa su.

Enzayim ba shi da rai. Furotin ne mai gaggauta aikin sinadarai. In ka daɗe kana tauna gurasa har zaƙi ya fito, enzayim ɗin yawunka ne ya mai da sitaci sukari. Masana'antu na son irin wannan aiki, amma enzayim na lalacewa a zafi mai tsanani ko cikin sinadari mai ƙarfi. Masana sun so su gyara shi da lissafi, sai suka tarar ginin furotin ya fi ƙarfin hasashensu.

Dabarar da Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka ta bi, manomi ya riga ta sani. Da kaka yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika da ƙwari, ya rataye ta, ya shuka baɗi, ya sake warewa. Bai halicci gero ba, bai kuma san abin da ke cikin ƙwayar ba. Sakamako yake dubawa. Haka Arnold ta yi. Ta kwafi ƙwayar gadon enzayim ta hanyar da ke jefa ƙananan kurakurai barkatai, ta sa kwafin cikin bakteriya, suka samar da enzayim iri-iri masu yawa. Ta gwada su, ta ɗauki zakara, ta maimaita a kansa. Abin da ke cin manomi shekaru, a nan makonni ne.

A 1993 ta nuna haka da subtilisin, dangin enzayim ɗin da ke cire tabon jini da na ƙwai a wanki. Bayan 'yan zagaye, aikinsa cikin wani sinadari mai ƙarfi da ake kira DMF ya ninka sau 256. A 2010 kamfanonin Merck da Codexis suka gyara wani enzayim don haɗa sitagliptin, maganin ciwon suga, ya maye gurbin ƙarfen rodiyam mai tsada, dattin masana'anta ya ragu. A 2018 Arnold ta karɓi rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, George Smith da Gregory Winter suka raba sauran.

Dabarar na da iyaka: abin da ka gwada shi kake samu. Wanda ya zaɓi sauri kaɗai bai tabbatar da rashin illa ba, wannan sai da gwaji na daban. Nan ya kamata gardamarmu ta tsaya: wa ya gwada, me ya gwada, ina sakamakon?

Hukumomin da ke ba da izini su ma suna da nasu aikin. Takarda da Turanci a Abuja ba ta isa ga mai sauraron rediyo a Gumel. Su zo su yi bayani da Hausa, abu bayan abu, su amsa tambayoyi ba tare da raini ba. In suka yi shiru, masu jita-jita ne za su yi bayanin a madadinsu.