Tsirran tsibirai: Fagen digirin digirgir da ɗalibanmu ba su cika leƙawa ba

A shekarar 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane nau'in tsirrai biyar na duniya ba a samun sa ko'ina sai a tsibiri. Adadin ya ba masana mamaki, domin tsibirai ba su kai kashi 10 cikin 100 na faɗin busasshiyar ƙasa ba. Kuma a tsibiran ne aka fi yin asarar halittun da suka ɓace ɗungurungum a ƙarnonin baya-bayan nan. Wannan ne ya sa jami'o'i da cibiyoyin bincike, musamman na Turai, ke yawan buɗe guraben digirin digirgir a wannan fage, wasunsu da cikakken tallafi, kuma ɗalibin Afirka na da damar nema.

Me ake bincika?

Tambayoyi biyu ne ginshiƙin fagen. Ta farko: ta yaya tsiro, wanda ba ya tafiya, ya isa tsibirin da teku ya kewaye? Ta biyu: me ya same shi bayan ya isa?

Amsar ta farko ita ce iska da igiyar ruwa da tsuntsaye, waɗanda kan ɗauko iri a cikinsu ko a maƙale da gashinsu. An ga hakan ƙiri-ƙiri a tsibirin Surtsey, wanda aman wuta ya fito da shi daga ƙarƙashin teku kusa da Aisilan a 1963. An hana kowa shiga sai masu bincike, kuma a 1965 aka tarar da tsiro na farko a bakin gaɓarsa.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi. Irin da ya faɗa tsibiri ya rabu da danginsa, ya tarar da fili babu masu gasa da shi sosai, sai zuriyarsa ta riƙa sauya kama sannu a hankali gwargwadon inda ta samu kanta. A tsibiran Hawai, masu nisan fiye da kilomita 3,500 daga gaɓar Amurka, wani ɗan tsiro da asalinsa ke yankin Kalifoniya ya yaɗu ya zama nau'i kusan 30 cikin shekaru kimanin miliyan biyar: wasu bishiyoyi, wasu masu yaɗo, wasu kuma dunƙulallu masu ganye kamar azurfa a kan duwatsu. A tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, waɗanda mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita 100 daga Maroko ba, akwai tsirran da danginsu a babban yanki ciyayi ne masu laushi, amma a can sun yi itace sun miƙe. Har yau ana muhawara kan dalilin haka, ko fari ne, ko rashin sanyin hunturu, ko rashin dabbobi masu kiwo.

Fagen yana da tsohon tarihi. Charles Darwin ya ziyarci tsibiran Galapagos a 1835, Alfred Russel Wallace ya fitar da littafinsa kan rayuwar tsibirai a 1880, sannan a 1967 Robert MacArthur da Edward Wilson suka kafa ƙa'idar da ake aiki da ita har gobe: yawan nau'in halittu a tsibiri ya danganta ne ga girmansa da kuma nisansa daga babban yanki. Abin da ya sauya a yau shi ne kayan aiki, domin nazarin ƙwayoyin gado ya ba ɗalibi damar gano dangantakar tsirrai da kiyasta lokacin da suka rabu.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Ba sai an je Hawai ba. A mashigin tekun Gini, kudu da Najeriya, akwai jerin tsibirai huɗu: Bioko da Annobon na Ikwatoriyal Gini, sai Sao Tome da Principe. Bioko, wadda a da ake kira Fernando Po, tana da nisan kilomita 30 da 'yan kai daga gaɓar Kamaru, kuma ta taɓa haɗewa da babban yanki kafin ruwan teku ya ɗaga kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Sauran ukun kuwa ba su taɓa haɗewa da Afirka ba. Wannan bambanci ya mayar da su tamkar ɗakin gwaji da aka tanada, inda za a kwatanta tsibirin da ya gaji tsirransa da wanda ya jira iri ya tsallako masa teku.

Ƙa'idar tsibirai tana aiki a kan tudu ma. Dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba tsibiri ne na kurmi a tsakiyar filin ciyawa. Haka nan a duwatsun Ayar na Jamhuriyar Nijar akwai wani zaitun na daji da ya saura tun zamanin da Sahara ke da danshi. Wanda ya koyi yadda ƙaramin tsibiri ke rasa tsirransa, ya koyi yadda ragowar dazuzzukanmu za su rasa nasu.

Akwai kuma batun amfani. Tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 2008, yana da nau'in tsirrai 825, kuma kashi 37 cikin 100 nasu a can kaɗai suke. Cikinsu akwai ɗan'uwan rumman na daji tilo da aka sani, da bishiyoyin lubban iri-iri, dangin hano ko ararrabi na ƙasar Hausa. Irin waɗannan dangi na daji ne masu inganta iri ke komawa gare su don neman juriyar fari da cuta. Idan suka ɓace, babu inda za a sake samo su, kamar yadda zaitun ɗin tsibirin Sant Helena ya ƙare a 2003 bayan sare daji da ɓarnar awaki.

Ina guraben suke?

Daga cikin wuraren da suka yi fice akwai Lambun Kew da ke Landan, mai ajiyar busassun tsirrai kusan miliyan bakwai, da Jami'ar Göttingen a Jamus, da cibiyar Naturalis da ke Leiden a Holan, da Jami'ar La Laguna a tsibirin Tenerife, da Jami'ar Azores ta Fotugal.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Holan ɗalibin digirin digirgir galibi ma'aikaci ne mai albashi na shekara huɗu. A Jamus ma ana samun guraben albashi, ga kuma tallafin hukumar DAAD. A Birtaniya karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, kuma tun daga 2021 aka buɗe wani kaso na guraben da hukumar UKRI ke ɗaukar nauyi ga 'yan ƙasashen waje. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai ba ya duba ƙasar mai nema, sai dai ya sharɗanta cewa bai zauna a ƙasar da zai yi karatun fiye da wata 12 cikin shekaru uku da suka gabata ba. Ana tallata yawancin guraben a shafukan Euraxess da FindAPhD.

Abin da ake nema ga ɗalibi

Yawanci ana buƙatar digiri na biyu a nazarin tsirrai ko muhalli ko gandun daji ko wani fanni makamancinsu. Sai dai takarda kaɗai ba ta wadatarwa. Malaman da ke tantancewa suna duba ko mai nema ya iya sarrafa alƙaluma da manhajar R, ko ya taɓa aikin fili, ko ya san yadda ake tattara samfurin tsiro a busar da shi a rubuta bayanansa. Duk waɗannan ana iya fara koyonsu a gida. Manhajar R kyauta ce, haka rumbun bayanan halittu na GBIF, kuma akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan da kuma Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ya kamata mai sha'awa ya san aikin ba yawon buɗe ido ba ne. Makonni kaɗan ake yi a tsibiri ana hawan duwatsu, sauran watannin a ɗakin gwaji da gaban kwamfuta suke ƙarewa. Ba a kuma fitar da samfuri daga wata ƙasa sai da izini, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010, kuma samun izinin kan ɗauki lokaci.

Wasiƙar neman gurbi ita ce matakin da da yawa ke faɗuwa a kai. Wasiƙa guda da aka aika wa malamai ashirin ba ta cika samun amsa ba. Wadda ke samun amsa ita ce ta wanda ya karanta binciken malamin, ya ambaci abin da ya fahimta a ciki, sannan ya kawo tasa tambayar. Ɗalibin da ya taka Mambila da ƙafarsa, ko ya san hano tun yana yaro, yana da tambayar da ɗan Turai ba lallai ya zo da ita ba, kuma da ita ya dace ya buɗe wasiƙarsa.