DAJIN NONO MAI SAURI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

Jama'a, ciwon dajin nono, wanda wasu ke kira sankarar mama, ba iri ɗaya ba ne. Gero da maiwa da dawa duk hatsi ne, amma kowanne da lokacin nunarsa. Haka wannan ciwo ya ke: akwai mai tafiya sannu, akwai mai sauri. A kan wani mai sauri za mu yi muku bayani.

YADDA A KE GANE SHI

Idan likita ya sami ƙullutu a nono, ya kan ɗebi 'yar tsoka da allura, ya aika ɗakin gwaji. In aka ga daji ne, sai a nemi alamu uku a jikinsa. Biyu su ne kafofin da ya ke karɓar sinadaran jikin mace, watau istirojin da furojestaron, masu ƙara masa girma. Ta ukun sunanta HER2. In an same su, akwai magungunan da ke toshe su.

To, akwai dajin da ba a samun ko ɗaya cikin ukun nan a jikinsa. Shi ne marar alamu uku. Ƙwayar tamoxifen, wadda wasu mata ke sha shekara 5 ko fiye, ba ta yi masa kome. Ya kan girma da sauri, ya kan kuma kama matan da ba su kai shekara 50 ba, har da masu goyo. Wani lokaci gado ne.

Amma kada a karaya. Yana jin maganin daji da a ke ƙarawa ta jijiya, ana yi masa aiki, ana kuma gasa wurin da na'urar haske. Mata da yawa sun warke, musamman waɗanda suka zo tun ƙullutun yana ƙarami.

YA FI YAWA A WAJENMU

A Amurka, cikin mata 100 masu dajin nono, 10 zuwa 15 ne ke da irin wannan, kuma ya fi kama baƙar fata. A 2009 Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta suka fitar da binciken mata wajen 500 na Nijeriya da Sanagal. Fiye da rabinsu irin wannan ne da su.

Warkewa ma ba ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 masu dajin nono, 9 suna nan da rai bayan shekara 5. A Afirka ta Kudu kuwa 4 ne kawai.

ME YA KAWO BAMBANCIN?

Babban dalili shi ne jinkiri. Mace ta ji ƙullutu, kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, a ce ruwan nono ne ya kwanta, ko a ce jifa ne. Sai a kai ta wurin wanzami ya yi sakiya, a yi ta shafe-shafe har damina ta wuce. Kafin a isa asibiti ciwo ya fashe, ya kai hamata, ko huhu.

Sa'an nan ga nisa, ga tsada. Gwajin alamun nan uku da na'urar gashi sai manyan asibitoci, irin su asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar kuwa an fara gashi a cibiyar daji ta Yamai a 2021. A shekarar ce kuma Gwamnatin Nijeriya ta buɗe asusun taimakon masu daji marasa hali. Ku tambayi ma'aikatan babban asibiti yadda a ke shiga.

ABIN DA ZA KU YI

1. Uwargida, ki san nononki. Kowane wata, bayan kin yi tsarki daga al'ada, ki laluba shi duka har cikin hamata.
2. In kin ji ƙullutu, ko da ba ya zafi, ko kan nono ya lotsa, ko yana fid da jini, ko fata ta zama kamar ɓawon lemo, ki tafi asibiti cikin makon nan. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai nuna.
3. Mai shayarwa, in kumburin nono bai faɗa ba bayan an gama magani, ki koma.
4. Kada a yi tsaga ko sakiya.
5. In an ce daji ne, ku tambayi likita: "An gwada alamu uku? Wane iri ne?" Ku adana takardar gwajin.
6. In an fara ƙarin magani, a ƙarasa shi. Amai zai wuce, gashin da ya zube zai tsiro. Mai yankewa a tsakiya ta ba ciwo hanya.
7. In uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yin dajin nono, a gaya wa likita.

GA MAIGIDA

Malam, izini da kuɗin mota a hannunka su ke. Kada ka ce sai kaka. Tunkiyar da za ka sayar yau ta fi sauƙi bisa gonar da za ka sayar baɗi. Ciwon nan ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa, saboda haka kada a guje ta. Macen da aka cire wa nono tana iya ci gaba da aikinta da zaman aurenta.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gida da maƙwabta. Allah ya ba mu lafiya.